Daga mazari zuwa keken ɗinki: yadda suturar mata ta juya a Kaduna

Duk sanda makarantun Kaduna suka sa ranar al'adu, aka ce kowace yarinya ta zo da shigar gargajiyarta, 'ya'yan Hausawa sukan zo da riga da zane na atamfa, da ɗankwali mahaɗin zanen, ga gyale a kafaɗa. Iyaye sun yarda da haka, malamai sun yarda, ni ma na daɗe ina ɗauka cewa wannan ita ce shigar kaka da kakanni. Sai da na zauna da tsofaffin hotunan gidanmu, na kuma tuno hirar da kakata ta wajen uwa take yi mana game da aurenta, sannan na gane shigar nan ba ta cika shekara ɗari a jikin yawancin matanmu ba. Tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu da farkon yaƙin basasa, wato shekara ashirin da 'yan kai, suturar mace a ƙasar Hausa ta tashi daga abin da ake ɗaurawa ta koma abin da ake ɗinkawa, ta tashi daga abin da mace ke kaɗa zarensa da hannunta ta koma abin da ake sayo mata a kanti. Kuma idan ana neman garin da za a tsaya a kalli wannan juyi ƙuru-ƙuru, Kaduna ce.

Macen da aka kai ɗaki wajen 1930 a ƙasar Zazzau, suturarta zane ce. Ta ɗaura ɗan tofi ko fatari daga ciki, ta kawo babban zane ta yi ɗaurin ƙirji, ta ɗaura fatala a kai. In za ta fita unguwa, wanda galibi sai bayan magariba, ta kawo wani zanen ta lulluɓa. In da goyo, a ƙara majanyi. Almakashi bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan don ya bi surar jikinta ba. Ɗinkin da ke jikin zanen shi ne wanda ya harhaɗa sirara-siraran saƙar da masaƙi ya fitar, ya mai da su faffaɗan abu guda. Matan sarauta da na attajirai sun san riga, sun san alharini da karan-miski da kayan da fatake ke kawowa ta hamada, amma su tsiraru ne. Launin da ya mamaye gari shi ne na baba: saƙi mai ɗigon fari da shuɗi kamar gashin zabuwa, bunu mai duhu, da baƙin zane mai ƙyalli da aka sha bugu a mabuga har shuni yana zuba a fata. Ja sai a barage, shi ma ba kowa ba. Kwalliyar kuwa tana jiki ne fiye da tufa: lalle a hannu da ƙafa, kwalli a ido, katambiri a fuska, fure da goro a haƙori, jigida a ƙugu, murjani a wuya, a yi doka a kai a shafe ta da shuni.

Abin da aka fi mantawa shi ne daga ina zanen nan yake fitowa. Daga hannun matar yake fitowa. Bayan kaka, in an tsince auduga, mace ta samu rabonta ko ta saya. Ta gurje ta a kan magurji ta fid da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi kamar kumfa, sannan ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa ta yi ta kaɗi. Aikin da ake yi ana hira ne, ana gatanan gatanan ku, ana jiran tuwo ya nuna. Siririn zare daban, abawa daban, kowanne da kuɗinsa. Ta aika yarinya da shi kasuwa, ko ta ba masaƙi ya saƙa mata, a kai marina a tsoma a karofi. Wasu matan da kansu suke saƙa gwado da majanyi a masaƙar tsaye da ake jinginawa a bangon ɗaki. Kuɗin zare na mace ne ita kaɗai, miji ba ya da iko da ko anini a ciki. Da shi take zubin adashi, da shi take tara wa 'yarta tasoshi da ƙore, da shi take yin biki in ƙawa ta haihu. Kakata takan ce a ƙauyensu ba a yi wa yarinya kallon ta isa aure sai an ga zarenta, domin zaren shi ke nuna haƙurinta da natsuwarta. Saboda haka duk wanda zai yi maganar sauyin sutura a wancan zamani, ya sani yana maganar jarin mace ne, ba adonta kawai ba.

Kaduna ba ta gaji wannan tsari kamar yadda Zariya da Kano da Katsina suka gaje shi ba. Gari ne da Turawa suka zana, suka dawo da hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru a 1917. Ba ganuwa, ba tsofaffin unguwannin masaƙa da marina, ba fadar da ta shekara ɗaruruwa tana faɗa wa mutane abin da ya dace da su. Abin da ke akwai shi ne tashar jirgin ƙasa inda layin Legas da na gabas suka haɗu, da barikin soja, da ofisoshin gwamnati. Bahaushiya da ta biyo mijinta masinja ko ɗan sanda ko lebura zuwa Tudun Wada ko Unguwar Shanu, sai ta tarar maƙwabciyarta Banufiya ce, ta gaba Bayarabiya, ga matar soja da ta zauna a barikoki uku kafin nan. Famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, igiya ɗaya suke shanya. A birnin Zazzau mace za ta iya tsufa ba ta ga yadda matan Ibadan ke ɗaura kallabi ba. A Kaduna kuwa kullum safiya tana gani. Ga kuma albashi. Magidancin Kaduna ba ya da rumbu, ba ya da gonar auduga, ƙarshen wata ake ba shi fam da sule a hannu. Gidan da ke cin abinci daga albashi, suturarsa ma daga kanti za ta fito.

Yaƙin duniya na biyu ya ɗan ja wa abin birki. Jiragen ruwa sun koma dakon kayan yaƙi, masaƙun Ingila sun koma yi wa soja kaki, har su kansu mutanen Ingila daga 1941 zuwa 1949 da takardar rabo suke sayen tufafi. Yadi ya yi wuya a kantunan Nijeriya, ya yi tsada, sai kasuwar zaren gida da saƙar gida ta sake buɗewa. Wannan ita ce kakar ƙarshe mai albarka da masu kaɗi suka gani. Da aka gama yaƙi a 1945, sojojinmu da suka je ƙasar Bama suka dawo da kuɗin sallama da idon da ya ga Indiya. Gyaɗa da auduga suka yi daraja, dalar gyaɗa ta tashi a Kano, kuɗi ya shiga hannun manoma da 'yan baranda. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant da PZ, da kantunan Kwara 'yan Labanan, suka cika da dila-dilan yadi: akoko, alawayyo, shadda, leshi, da uwa uba atamfa.

Atamfa kanta baƙuwa ce da ta yi doguwar tafiya. Asalin fasaharta na mutanen tsibirin Jaba ne a ƙasar Indunusiya, waɗanda ke zana kaki a jikin farin yadi kafin su tsoma shi a rini, inda kakin ya rufe launi ba ya kamawa. Turawan Holan da suka mulki ƙasar suka nemi yin irinsa da inji don su sayar musu da araha. Mutanen Jaba ba su karɓe shi yadda aka so ba, amma a ƙarshen ƙarni na 19 ya samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa tun 1846, da masaƙun yankin Manchesta, su suka riƙe wannan ciniki. Shi ya sa har gobe mata ke cewa wannan Holan ce, waccan Ingila ce. Daga bakin teku ta hau jirgin ƙasa ta zo mana.

Me ya sa ta ci kasuwa haka? Mai son saƙi kamar ni dole ya faɗi gaskiya. Atamfa ba ta da nauyi, ga zafin bazara. Tana wankuwa ta bushe kafin la'asar. Mai kyau ba ta zuba. Ta zo da ja da rawaya da kore da ruwan goro a ƙasar da ido ya saba da shuɗi da fari. Sannan tana da faɗi, ba sai an harhaɗa ba, kuma tana karɓar almakashi ba ta warware ba, abin da saƙar hannu ba ta cika jurewa ba. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce ta buɗe ƙofar riga.

Rigar da ta fara shiga ɗakunan matan Hausawa da yawa ita ce buba, kuma sunan ma ya nuna hanyar da ta biyo, don haka Yarabawa ke kiranta. Riga ce mai sauƙi: wuya zagayayye mai faɗi, hannu mai faɗi, jiki sakakke, ba maɓalli ba zif. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ita ce ta yi gaba, kuma ina ganin amsar tana wurin awo. Ɗinki a ƙasar Hausa sana'ar maza ce tun fil azal, su ke ɗinka riga da wando da hula, su ke yin aska takwas da allura. Da keken Singer ya yawaita, su ne suka fara hawansa a bakin kasuwa da zaurukan gidaje. To matar aure tana kulle, tela namiji ne, wa zai sa mata tef a ƙirji? Ba mai yi. Sai dai a aiko yaro da yadi da tsohuwar riga a ce a yi kamar wannan, ko a ce mai ita ta kai wance jiki amma ba ta kai ta tsawo ba. Tela ya kimanta, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rigar da za a ɗinka da kintace dole ta zama mai yafiya, wadda in ta ɗan yi yawa ko ta ɗan gaza ba za a gane ba. Buba ta cika wannan sharaɗi.

Rigar da ke bin jiki sai da mata suka hau keke sannan ta samu shiga. A Kaduna waɗanda suka fara su ne matan kudu da 'yan matan da suka yi makarantar mishan, inda ɗinki da saƙar kwarashi ke cikin darasi. Makarantar 'yan mata ta Kakuri da masu wa'azin Katolika suka buɗe a 1940, wadda yanzu ake kira Kwalejin Sarauniya Amina, tana cikin irin waɗannan wurare. Mace mai ɗinki tana iya shiga har ƙuryar ɗaki, ta auna kafaɗa da ƙugu, ta zauna a yi shawarar irin wuya da irin hannu. Daga baya matan Hausawa su ma suka fara sayen keken hannu, wanda ake ɗorawa a kan tabarma a juya da dama a tura yadi da hagu. A ganina wannan ƙaramin inji ya fi kowane abu tasiri a labarin nan, domin shi ne ya mayar wa wasu matan kulle da sana'ar cikin ɗaki bayan mazari ya fara mutuwa. Sai dai mazari kowa na iya mallaka, keke kuwa sai mai hali.

A daidai wannan lokaci can Turai ma ana ta juyi. A watan Fabrairu na 1947 wani maɗinki a birnin Faris, Kiristiyan Diyo, ya fito da salon da ya girgiza su: kafaɗa a sake, ƙugu a tsuke, siket mai faɗi har ƙwauri wanda ke cin yadi mai yawa. Bayan shekarun da aka yi ana tsimin ƙyalle, matan Turai suka rungume shi, ya zama shi ne shigar shekarun 1950. Matan Kaduna sun gan shi da idonsu a jikin matan jami'an mulki, da malaman makaranta, da hotunan jaridu, kuma sun gan shi a jikin Sarauniya Elizabet lokacin da ta zo a 1956 aka yi mata hawan daba a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala. 'Yan matan kudu masu aikin ofis da asibiti da yawa sun ɗauki doguwar rigar yadda take. A 1957 jaridar Daily Times ta shirya gasar sarauniyar kyau ta farko a ƙasar nan, kuma wadda ta ci, Grace Oyelude, daga Kano ta je.

Bahaushiya ba ta ɗauki rigar Turawa ɗungurungum ba. Tsinta ta yi. Ta ɗauki saman ta bar ƙasan. Wuya mai kusurwa huɗu ko mai siffar zuciya, hannu mai kumburi a kafaɗa, 'yar tattara a ƙugu, zif a baya, duk waɗannan sun shigo sun zauna a kan rigar atamfa. Amma daga ƙugu zuwa idon sawu zane ya ƙi sauka. Ko da guntun siket ya tashi a Landan a tsakiyar shekarun 1960, ya kuma iso Legas da jami'o'i, bai samu masauki a gidajen Hausawa ba. Akan ce kunya da addini ne suka hana, kuma haka ne, amma akwai ƙari. Zane ba ya matse mai ciki, ba ya yi wa mai jego yawa. Da shi ake goyo, da shi ake shimfiɗa, da shi ake rufe yaro in ya yi barci a gidan biki. Ana ba da aronsa, ana kyautarsa, ana gadonsa, in ta ɓaci ana sayar da shi, domin bai san jikin kowa ba. Riga ta mai ita ce, zane kuwa dukiya ce. Mata sun san wannan lissafi sarai, shi ya sa suka yarda a yanka yadi ɗaya da rabi ko biyu a yi riga, a cire ɗankwali, amma sauran turmin a bar shi lafiyayye.

Sai tambayar yadda yayi ke shiga gidan da matarsa ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa silima, ba ta karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amsar ita ce dillaliya. Tsohuwa ce ko bazawara mai ƙulli a ka, tana shiga gida-gida da zannuwa da 'yan kunne da turare, kuma bakinta ya fi ƙullinta kaya. Ita za ta ce wannan ita ake yayi yanzu, matar wane ta saya, amaryar gidan wane da ita aka kai ta. Ita ke karɓar tsohon zane ta sayar ta kawo sabo a cika mata kuɗi, ita ke ba da bashi a biya da kwabo-kwabo. Mata suka riƙa raɗa wa kowane zanen atamfa suna, wani daga abin da ya faru a shekarar, wani habaici ga kishiya, har zane ya zama magana. Bayan dillaliya sai 'yan mata masu talla, waɗanda ke ganin gari su kawo rahoto, sai kuma gidan biki da gidan suna, inda kowa ke auna kowa.

Akwai wani gefen da ba a son faɗa. Sabon salo sau da yawa a jikin matan bariki yake fara bayyana, mata masu zaman kansu da ke da kuɗin hannunsu kuma ba mai hana su fita. Su suka fara jan baki da hoda da takalmi mai tsini da rigar mama. Malamai su yi wa'azi, tsofaffi su tofa albarkacin bakinsu, a ce wannan shigar 'yan iska ce. Bayan shekara biyu ko uku sai ka ga abin nan a cikin kayan amaryar gidan mutunci, an ɗan sassauta shi, an ƙara masa tsawo. Haka aka yi ta yi, kuma ina ganin rashin adalci ne a ci moriyar idon waɗannan mata a kuma share su daga labarin.

Wani abin da ya kamata a gyara a tunaninmu shi ne zaton cewa zamani tsiraici ya kawo. A nan Arewa, a waɗancan shekaru, akasin haka aka gani. Matar da a da ke aikin tsakar gida da ɗaurin ƙirji, kafaɗa a waje, yanzu ta sa riga. Yarinyar da ke yawo da ɗan zane a ƙugu har ta fara girma, yanzu an ɗinka mata 'yar riga tun tana tatata. Yadi ya yi araha, sai aka ƙara rufe jiki. Lulluɓi da babban zane mai nauyi ya ba da wuri ga gyale mara nauyi da aka yi shi musamman don yafawa. Tafiya Makka ta jirgin sama, wadda ta bunƙasa a shekarun 1950, ta rage tafiyar shekaru ta koma ta makonni, Sardauna kansa ya sauke farali a 1955, kuma hajiyoyi suka riƙa dawowa da mayafai da dogayen riguna da haƙorin Makka, suka zama abin koyi a unguwa. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a nan Kaduna, makarantun Islamiyya suka fara yawaita. Hijabin da muka sani yau, wanda ake ɗinkawa a zura ta ka, bai zama ruwan dare ba sai daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980, bayan kafuwar Izala a 1978. Amma shi ma ɗan keken ɗinki ne da yadin kanti. Ba don juyin da ya riga shi ba, da ba a samu abin yin sa ba.

Kai da fuska su ma sun bi sahu, ba sai an tsawaita ba. Doka ta kwanta, shuni ya bar gashi, kitso ya koma ƙanana irin su shuku da ba sa hana ɗaura ɗankwali. Fure ya bar haƙori, farin haƙori ya zama shi ne kyau. Katambiri ya ba gazar wuri. Kwalli da lalle ne kaɗai suka tsallake ba ko ƙwarzane. Turaren Bintu Sudan ya shiga kowane ɗaki.

In kana son ganin girman sauyin a wuri guda, dubi lefe. Kalmar kanta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda 'yan zannuwan amarya ke shiga ciki har a rufe. Da kayan kanti suka yawaita, kwando ya kasa, aka koma kwalla, daga kwalla aka koma fantimoti, daga nan sai akwati, sai akwatuna jere. Sunan kwandon ya tsaya, kwandon ya tafi. A da ana duban nagartar zane, a ce wannan saƙar wane gari ce, zai yi shekara nawa. Yanzu aka koma ƙirga: turmi nawa, Holan nawa ne a ciki, leshi nawa. Dangin amarya su zauna a buɗe a ɗaga ɗaya bayan ɗaya, 'yan unguwa su shigo gani. Ga anko, wanda shi ma daga Yarabawa muka aro, inda ƙawaye da dangi za su yanki zane iri ɗaya don biki guda. Anko ba ya yiwuwa da saƙar hannu, domin ba masaƙin da zai fitar da zane talatin iri ɗaya cikin wata. Inji ne ya haife shi. Har 'yan siyasa suka gane amfaninsa, aka riƙa buga zane mai hoto don manyan bukukuwa irin na samun 'yancin kai a 1960. Nauyin da samari ke kuka da shi yau a kan lefe, da bashin da mata ke ci don anko, a nan aka dasa su.

Gwamnatin Jihar Arewa ta lura da wani abu mai ciwo: audugarmu ake saya a Funtuwa da Zariya da Gusau, a gurje, a ɗaure, a sa a jirgi zuwa Ingila, a saƙa, a dawo mana da ita da tsada. Sardauna ya tsaya a kan sai an saƙa ta a gida. Aka haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha a Ingila aka gina masaƙar Kaduna, KTL, a Kakuri, ta fara aiki a 1957 da saƙa akoko. Wasu suka biyo baya a 'yan shekaru kaɗan: Nortex, da Arewa Textiles da aka yi da Japanawa, da UNTL wadda attajirin Hongkong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, inda aka riƙa buga atamfa a cikin garin nan. Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata daga kowane lungu na Arewa, jiniya na tashi ana canjin aiki dare da rana, kekuna na tururuwa a kan gada. Matar talaka da Holan ta fi ƙarfinta ta samu atamfar Kaduna daidai aljihun mijinta. Wannan abin alfahari ne, kuma ba na rage masa komai.

Amma ina so a tsaya a dubi wanda ya biya kuɗin. Aikin da injin Kakuri ke yi cikin sa'a guda, shi ne aikin da ɗaruruwan mata ke yi da mazari a ɗakunansu. Da aka mayar da kaɗi masana'anta, ba matan aka ɗauka ba, maza aka ɗauka, su ne mafi yawan ma'aikatan. Sana'ar da ta fi kowace yaɗuwa a hannun matan ƙasar Hausa ta zame daga hannunsu cikin 'yan shekaru, ba taro, ba takarda, ba wanda ya yi lissafin abin da suka rasa. Masaƙan gargajiya da suka rage ma suka koma sayen zaren inji, don ya fi santsi ya fi araha. Mace ta samu launi, ta samu sauƙin wanki, ta samu zaɓi, ta huta da gurza da shiɓa. A maimakon haka, suturar da a da take iya samar wa kanta ta koma abin da take jira a yi mata: a lefe, a kayan sallah, a kayan fitar suna. Masu ƙoƙari suka koma ƙuli-ƙuli da dambu da ɗinkin hula da saƙar kwarashi, suka ɗora wa 'ya'yansu mata farantin talla. Ina zargin cewa wani kaso na yawan tallan da ya hana 'yan mata zama a aji yana da alaƙa da mutuwar kaɗi, domin zare sana'a ce da ba ta lalacewa in ta kwana, a tara a sayar ranar kasuwa, abinci kuwa dole a fita da shi yau.

Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Yadda injin Kakuri ya fi mazari araha, haka yadin da ake shigowa da shi daga Asiya ya zo ya fi na Kakuri araha, ga rashin wuta, ga fasa-ƙwauri. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, dubban magidanta suka zauna. Atamfar da 'yan makarantar nan ke sawa ranar al'adu, akasarinta daga Sin take.

Saƙi bai ɓace gaba ɗaya ba. Yana fitowa ranar kamu ko ranar kai amarya, a lulluɓa mata shi na 'yan sa'o'i a ɗauki hoto, a ninke a mayar wa mai shi. Na kakata yana nan a ƙasan adakar mahaifiyata a Tudun Wada, an sa masa kanumfari saboda asu. Yana da nauyi a hannu, zarensa ba daidai yake ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, kuma mahaifiyata tana iya nuna inda aka canja mai kaɗi, don ta ce hannun kakata ya fi na kishiyarta laushi. Jikokin gidan mata tara ne, an lulluɓa wa huɗu daga cikinsu shi, kuma a cikin taran babu wadda ta taɓa riƙe mazari.